Makon Ƙarshe a Kumasi: Kurakuran da Ɗalibai Ke Yi Wajen Sallama

Zangon karatu ɗaya na yi a jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi, wata huɗu da 'yan kwanaki. Daren da na fara haɗa kaya, zuciyata ta rabu biyu. Ina ɗokin ganin mahaifiyata a Kano, ina kuma jin wani abu ya tokare min ƙirji duk lokacin da na tuna ba zan ƙara hawa torotoro, ƙaramar motar haya ta Gana, zuwa unguwar Aboabo ranar Juma'a ba. Tun daga lokacin na ga ɗalibai da dama sun zo sun koma, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, kuma kurakuranmu kusan iri ɗaya ne.

Na farko a cikin zuciya yake. Ɗalibi ya ji kewar Kumasi tun bai tafi ba, sai ya ga kamar ya yi wa gida butulci. Wani kuma murnar komawa ce ta cika shi, sai ya riƙa ɓoye ta don kada masu masaukinsa su ce bai ji daɗin zama da su ba. Duk biyun ba laifi ba ne. Sabo ake yi wa kuka, kuma wanda ya saba da wuri biyu dole ya ji ana jan sa ta fuska biyu. Idan an tambaye ka, ka faɗi gaskiya: kana murna, kana kuma jin zafin rabuwa. Mutanen zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi a Gana, sun fi kowa sanin wannan. Kakanninsu fatake ne da suka biyo hanyar goro ta Gwanja da Salaga, suka ya da zango, wasu suka zauna har abada.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne sulalewa ba sallama, domin ni kaina na yi shi. Akwai wata dattijuwa mai koko da ƙosai da nake zama a bencinta kafin na wuce masallaci. Mma muke ce mata, kamar yadda 'yan zango ke kiran uwa. Makon da zazzaɓi ya kwantar da ni, ta aiko jikanta da koko a kwano mai murfi, da citta da yawa, ta ce a gaya wa ɗan Kano ya sha da zafinsa. Da tafiya ta matso, na yi ta cewa gobe zan je, jibi zan je. Jarabawa ta taso, sayayya ta taso, kuma a ƙasan raina ina tsoron kada na yi hawaye a gaban mutane. Ban je ba. Bayan wata biyu abokina ya kira ni, ya ce ta tambaya, "Ɗan nan nawa, laifi muka yi masa?" Har yau kalmar tana min nauyi.

Saboda haka kada ka bar sallama sai ranar tafiya. Saura mako biyu, ka zauna ka tuna duk wanda ya yi maka alheri: limamin da ya san fuskarka, telan da ya gyara maka riga bai karɓi ko sisi ba, malamin da ya ƙara maka lokaci, mai gadin ɗakin kwana. Ka taka da ƙafarka, zumunci a ƙafa yake. Ka durƙusa ka ce, "Mma, tafiya ta zo, a yafe min abin da na yi, wanda na sani da wanda ban sani ba." Ɗan goro ko sabulu ya isa. Saƙon waya ga dattijo ba sallama ba ce. In akwai bashi, ko na sidi (kuɗin Gana) biyar ne a shagon unguwa, ka biya kafin ka nemi yafiya.

A wurin sallamar ne kuma ake yin alkawarin da ba za a cika ba. Hawaye na zuba, sai baki ya ce, "Da Babbar Sallah zan dawo." Alkawari kaya ne, kuma tsofaffi suna riƙe magana. Ka faɗi abin da za ka iya: zan kira idan na sauka, zan riƙa gaishe ku ranar Juma'a. Ka tuna agogon Gana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, don kada ka tashi mutum tun bai farka ba.

Sai batun takardu, wanda ruɗanin zuciya ke sa a manta. Ɗan ƙasar ECOWAS kwana 90 yake da shi ba tare da izinin zama ba, zangon karatu kuwa ya fi haka, don haka ka duba fasfonka tun da wuri, kada a tsayar da kai a filin jirgin saman Accra ko a Aflao, kan iyakar Gana da Togo. Ka ajiye katin rigakafin shawara kusa da fasfo. Ka mayar da littattafan laburare, ka miƙa makullin ɗaki, ka tabbatar ka san yadda sakamakonka zai isa jami'arku ta gida. Neman wannan daga nesa wahala ce. Kuɗin da ke cikin MoMo, asusun kuɗi na waya, ka cire su, ka canza sidin kafin ka ƙetare. In WhatsApp ɗinka a kan lambar Gana yake, ka mayar da shi kan ta gida tun layin yana aiki, in ba haka ba wata rana za ka wayi gari mutanen da ka yi wa alkawarin kira ba su da hanyar samun ka.

Tsaraba ma tana cinye kwanakin ƙarshe. Kasuwar Kejetia ba ta ƙarewa, kuma jakar jirgi yawanci kilo 23 ce. Ka yi sayayya rana ɗaya, da wuri. Kwalbar shito, yajin Gana da ake soyawa da mai, kada ta shiga jakar hannu, za a karɓe ta. Ka naɗe ta da leda biyu ko uku a babbar jaka, domin man yana tsiyaya, ya ɓata fararen kaya.

Bayan an sauka gida akwai wani tarkon. Kwana uku na farko kowa na son labari. Daga nan, duk abin da aka yi sai ka ce "a Kumasi kuwa ba haka ake yi ba", har ƙannenka su fara kallon juna. Ni ma na lura wata huɗun nan ba su tsaya jira na ba: an yi haihuwa, an yi rashi, maƙwabci ya tashi. Ka fara da tambayar abin da ya faru a bayanka, ka je gaisuwar da ta wuce ka. Kewar Kumasi kuma, idan ta taso, ka kira wanda kuka zauna tare a can, shi ne zai gane abin da kake nufi in ka ambaci wake da shinkafa a cikin ganye da safe.

Ni da na samu lambar jikan Mma, na kira ranar wata Juma'a da hantsi. Aka miƙa mata wayar, ina jin ƙarar ludayi a tukunya. Na fara ba da haƙuri, ta katse ni. "Ɗana, ka sauka lafiya? Yaya mahaifiyarka?"