Yadda ake gane babbar wutsiyar doki

Ɗalibin ilimin tsirrai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo yakan haɗu da Equisetum telmateia, tsiron da ake kira babbar wutsiyar doki, a littafi tun kafin ya gan shi da ido, don ba tsiron fadamar Rima ba ne. Gidansa Turai da yammacin Asiya da arewa maso yammacin Afirka, akwai kuma danginsa a gaɓar yammacin Amurka ta Arewa. In karatu ya kai ka can, ko malami ya ajiye maka busasshensa a ɗakin gwaji, ga yadda za ka bi.

Fara duba inda ya fito. Yana son wurin da ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa, ƙasar yumɓu mai laima, musamman a inuwar itatuwa. Ba ya tsayawa shi kaɗai. Karansa na tafiya ta ƙarƙashin ƙasa yana tohowa nan da can, har ya cinye fili guda.

Daga nan sai ka kama karan da ya fito sama, don a nan magana take. Fari-fari ne, sumul, kaurinsa wajen santimita 1, cikinsa rami, gaɓa-gaɓa kamar gora. Ja shi a hankali, zai ɓalle daidai kan gaɓa. Kowace gaɓa tana sanye da ɗan kube mai haƙora masu duhu. Waɗannan haƙoran su ne ainihin ganyensa, duk da ƙanƙantarsu. Siraran korayen da suka kewaye gaɓar kuwa rassa ne, su ke haɗa masa abinci da hasken rana. Ɗalibai da yawa a nan suke zamewa, su rubuta rassan a matsayin ganye. Murza reshe ɗaya a yatsa, za ka ji kaushi. Sinadarin silika ne, na cikin yashi.

Auna tsayi: daga santimita 30 zuwa mita 1.5, wani lokaci ya kai mita 2.

Kada ka ɓata lokaci neman fure ko iri, ba ya yi. Wajen watan Afrilu a Turai yakan fitar da wani kara daban, gajere, marar rassa, da tulluwa a kai mai tsawon santimita 4 zuwa 10. Daga cikinta ƙurar haihuwa ke tashi, iska ta kwashe, karan ya bushe. Haka kakanninsa suka hayayyafa fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, lokacin suna manyan itatuwa. Gawarsu na cikin kwal da ake haƙowa yau.

In wani ya tsinko maka ciyawa daga Kwalkwalawa, kusa da jami'ar, ya ce wutsiyar doki ce, mirgina karan. Mai kusurwa uku, cike da ɓargo, dangin aya-aya ne.

Masu dawaki kuma su kiyaye in sun sayi harawar waje: dangin wannan tsiro na ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1, dokin da ya daɗe yana ci sai ya rame, ya fara tangaɗi.