Yadda Baƙo Zai Zauna da Gindinsa a Kumasi

Duk wanda ya taso daga Nijeriya ko Nijar da niyyar zama a Kumasi, ya fara lissafinsa da kuɗin haya, domin nan ne jarin mutane da yawa yake narkewa tun ba su fara nema ba. Dokar haya ta Gana ta 1963 ba ta yarda mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba ba, amma a zahiri masu gidaje kan nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ga kuma ladan dillali. Saboda haka ya fi kyau baƙo ya sauka wurin ɗan'uwa a zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi irin su Aboabo, Asawase ko Sawaba, ya yi makonni yana duba ɗakuna da idonsa. Kafin ya biya, ya tambaya ko mitar wuta tasa ce shi kaɗai ko ta tarayya, ya buɗe famfo ya ga ko ruwa yana zuwa, ya dubi gindin bango ko akwai alamar ambaliya, sannan ya karɓi rasit da yarjejeniya a rubuce.

Ɗan ƙasar ECOWAS yana shiga ba biza har kwana 90, bayan haka sai ya nemi izinin zama a hukumar shige da fice, ya kuma yi katin shaida na baƙi, wanda ake nema wajen rajistar layin waya da buɗe asusun banki. Mai shirin kasuwanci kuwa ya sani cewa dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a cikin kasuwa, kuma a kan wannan ne aka rufe shagunan 'yan Nijeriya a unguwar Suame ta Kumasi a 2019.

Abinci da zirga-zirga ba su kai haya ciwo ba, muddin mutum ya riƙe koko da ƙosai da safe, tuwon zafi da rana, ya yi cefane a kasuwar Kejetia, ya hau tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, maimakon tasi. Sai dai farashin da wani ya faɗa masa bara ba abin dogaro ba ne, tunda hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen 2022.

A ganina, abin da ya fi rage wa baƙo tsadar rayuwa shi ne jama'a. Ya sa mai masaukinsa ya kai shi ya gai da limami da sarkin zangon unguwarsa, ya riƙa halartar suna da ɗaurin aure da jana'iza, ya ba da gudummawa daidai ƙarfinsa, domin a irin waɗannan wurare ake jin labarin ɗaki mai sauƙi da aiki da adashe. Hausa za ta wadatar da shi a zango, amma ya koyi gaisuwa da ciniki da Tuwi, harshen Asante, kuma idan ya shiga taronsu ya fara musabaha daga mutumin da ke damansa ya bi zuwa hagu.