Yadda za a kafa addu'ar iyali a gidan Kirista

Kiristoci da yawa a Garwa da Marwa na arewacin Kamaru da ƙauyukan da ke kewaye sun saba barin addu'a sai ranar Lahadi a majami'a, ko kuwa sai ciwo ya kwantar da wani, sa'an nan a aika a kira fasto ko mai bishara. Wannan bai isa ba, domin addu'a magana ce tsakanin ɗa da Ubansa na sama, kuma a gida ne yaro zai fara koyonta.

Da farko a tsayar da lokaci guda wanda kowa a gidan ya sani. Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe kansa don addu'a, Daniyel kuwa sau uku yake durƙusawa kowace rana. A yawancin unguwanninmu kiran sallar asuba na maƙwabtanmu Musulmi yakan tashe kowa, don haka wannan lokaci yana da sauƙin riƙewa. Amma idan an shiga dashen masakwa, wato dawar rani, ko tsinkar auduga, ana kuma fita gona tun kafin gari ya waye, gara a mai da zaman bayan cin tuwon dare, kafin barci ya kwashe yara. Minti 15 sun wadatar.

A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a rera waƙa ɗaya da kowa ya iya, sa'an nan a yi karatu. Zabura tana da surori 150, wanda ya riƙa karanta ɗaya kowace rana zai kai ƙarshe cikin kimanin wata biyar, sai dai Zabura 119 mai ayoyi 176 tana bukatar a rarraba ta. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma idan yaron da ke makaranta ya fi iya karatun Faransanci, a bar shi ya karanta, uba ko uwa su bayyana ma'anar da harshen gida.

Game da addu'ar kanta, babu tsarin da ya kai wanda Ubangiji ya koyar a Matiyu 6:9-13. A lura cewa sunan Allah da mulkinsa da nufinsa ne suka fara zuwa, kafin a ambaci abincin yini, don haka a fara da yabo da godiya kafin a shiga roƙo. Wurin da ya fi wuya shi ne na gafara. Yesu ya ce mai addu'a ya fara yafe wa wanda ya yi masa laifi (Markus 11:25), kuma a ganina nan ne addu'ar iyali take nuna amfaninta, domin miji da mata da suka yini ba sa ga maciji da juna ba za su iya furta wannan roƙo a gaban 'ya'yansu ba sai sun shirya. Idan akwai saɓani, a daidaita shi tukuna, ko da kalma ɗaya ce ta neman gafara.

Wajen roƙo a riƙa kiran suna: maras lafiya, ɗalibi mai jarrabawa, maƙwabci ko da ba Kirista ba ne, da shugabanni, kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ya umarta. Kada a manta da 'yan'uwan da ke sansanin Minawao kusa da Mokolo, inda masu gudun hijira daga Najeriya suke zaune tun 2013. Ba a bukatar yawan surutu, Matiyu 6:7 ya riga ya yi gargaɗi a kan haka. A ba kowa dama ya buɗe baki, kuma idan ƙaramin yaro ya ce, "Allah, ka ba Baba lafiya, amin," kada a yi masa dariya ko a gyara masa.

Idan maigida ya yi tafiya, uwargida ko babban ɗa ya jagoranci zaman, idan kuma wata rana ta kuɓuce saboda baƙi ko rashin lafiya, a ci gaba washegari daga surar da aka tsaya.