Kurakuran da ake yi kan takardun wanda aka kai gidan yari

Da zarar an ce an wuce da yaro gidan yari, hankalin dangi kan koma kan abinci da sabulu da kuɗin beli. Ba mai tambayar takarda, alhali ita ce ke riƙe da shi a can. Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta hana a karɓi kowa sai da sahihiyar takardar umarnin tsarewa. Don haka tun ranar farko a nemi sunan kotun, lambar ƙarar da ranar da za a dawo da shi, a rubuta a ajiye. Mutane da yawa sun daɗe suna jiran shari'a ne kawai saboda fayil ya ɓace, ba wanda ke da lambar da za a bi sawu.

Sai batun suna, wanda ya fi ba ni takaici. A gida Babangida ake kiransa, ɗan sanda ya rubuta Ibrahim Musa, magatakardan kotu ya sa Ibrahim Moses. Uwa ta zo ƙofa da kwanon tuwo, gandiroba ya duba rajista ya ce babu mai wannan sunan. Gyaran mai sauƙi ne: a duba yadda aka rubuta sunan a takardar tuhuma, da shi za a riƙa nemansa, in akwai kuskure lauya ya roƙi kotu ta gyara.

Wasu kuma suna ɓoye ciwo ko rauni don kunya ko tsoro. Kada a yi haka. Dokar ta hana karɓar mai mummunan rauni, ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko ƙaramin yaro. Mai farfaɗiya ko ciwon suga ya faɗa a rubuta, tare da maganin da yake sha.

Akwai masu zaton umarnin tsarewa ba shi da wa'adi. A dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, umarnin farko ba ya wuce kwana 14, sai in kotu ta sabunta. Jihohi irin su Kano da Kaduna suna da tasu dokar, a duba ta. Sanar da dangi kuwa wajibi ne a kan hukumar da ta kama mutum, kuma kyauta ne, kada a biya ko sisi.

Bayanan fursuna sirri ne. Kotu, lauyansa da jami'an da aikinsu ya shafa su ke da hurumin gani. Ɗaukar hoton takardar tuhuma a watsa a Facebook da sunan neman taimako kan ɓata sunan wanda ƙila gobe a sallame shi. In babu kuɗin lauya, a kai takardun ofishin hukumar ba da lauyoyi kyauta ta gwamnati.