Yadda Za Ka Bi Sawun Hausawan Bahia Idan Ka Je Salbado

Idan Allah ya kai ka Salbado, babban birnin jihar Bahia a Brazil, ka ware yini guda ka taka da ƙafa. Ni haka na yi, kuma na fi jin tarihin a ƙafata fiye da yadda na ji shi a motar 'yan yawon buɗe ido.

Kafin ka fita, ka riƙe abu biyu. A zamanin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, an kama Hausawa da yawa, aka gangara da su bakin teku, aka sayar ta tashoshin ruwan Ikko da Wida, aka kai su Bahia a matsayin bayi. A 1807 su ne suka shirya tawaye a wannan birni, asiri ya tonu kafin ranar, suka sake tashi a 1809 da 1814. Amma babban boren 1835, wanda ake kira na Malê, yawancinsa Yarabawa Musulmi ne, Hausawa da Nufawa suna ciki. Kada son kai ya sa ka ce duk namu ne.

Ka fara da sassafe daga Ladeira da Praça, wata gangara a tsohon gari. A wani gida a nan, daren 24 wayewar 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, 'yan sanda suka zo bincike, mutanen da ke ciki suka fito da takubba sanye da fararen riguna. Daga nan ka haura dandalin majalisar birni. A ƙarƙashin ginin ne kurkukun da aka tsare malaminsu Pacífico Licutan yake, suka yi ƙoƙarin fasa shi, bai yiwu ba. Ka tsaya ka dubi nisan: tafiya ce ta mintuna kaɗan.

Unguwar Pelourinho na kusa. Gidaje masu launi, kiɗa ko'ina, kowa na ɗaukar hoto. Ma'anar sunan kuwa turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala. Ka shiga gidan tarihin baƙaƙen Brazil da ke Terreiro de Jesus, sa'a ɗaya ta ishe ka.

Yunwa za ta kama ka a nan. Nemi matan da ke zaune da fararen kaya suna suyar acarajé. Na tsaya ina kallon wata tana buga ƙullun wake da babban cokalin katako, ta ɗebo ta saka a manja mai tafasa, sai ƙamshin ya mayar da ni bakin layinmu da safe. Ƙosai ne, wallahi, sai dai ana tsaga shi a cusa jatan lande da yaji. A gidajen abinci kuma ka riƙa tambaya ko da "porco" a ciki, wato alade, musamman a feijoada, wani dafaffen wake da nama.

Da la'asar ka sauka ƙasan gari ta lif ɗin Lacerda, ka hau tasi zuwa Água de Meninos. A nan sojojin doki suka tare 'yan boren 1835, faɗan ya ƙare kafin hantsi, a boren gaba ɗaya aka kashe kusan 70 daga cikinsu. A jikin gawarwakin an samu layu da takardu ɗauke da ayoyi da addu'o'i, irin rubutun allonmu. Wasu suna ajiye a ma'adanar tarihi ta jihar. Idan kana son gani, ka aika musu wasiƙa tun kafin ka taso, kuma da Fotugis.

Ka rufe da Campo da Pólvora, akwai tashar jirgin ƙasa mai wannan suna. A filin nan aka harbe mutum huɗu daga cikin 'yan boren ranar 14 ga Mayun 1835. Yau mutane ke ta wucewa da jakunkunan aiki. Na nemi gefe, na zauna, na karanta musu Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya.