Yadda hannu ke sakewa da saƙar allura biyu, littafi kuma na buɗe

Yawancin matan da ke zuwa koyon saƙa wurina a unguwar Zango ta Damagaram sun riga sun iya kwarashi. Allura biyu ce ke ba su tsoro. A kwarashi ido ɗaya ne rak a ƙugiya, a nan kuwa ido talatin ko arba'in ne jere a kan allura, kowanne na neman zamewa. Abin da nake gaya musu shi zan gaya miki, ƴar'uwa: tsoron nan ba ya fita sai kin iya gyaran ɓarna. Saboda haka da gyara za mu fara, ado ya biyo baya.

Ki shiga Kasuwar Dole ki sayi zaren ulu mai matsakaicin kauri da allura mai milimita 4. Ki zaɓi launi mai haske, ruwan madara ko ruwan ƙwai, don a baƙin zare ba za ki ga idon da kike ɗauka ba, balle da dare. Idan zaren babban aiki ne, ki sayi duka lokaci ɗaya, ki duba lambar rini a takardar ƙunshin ta zama ɗaya. Ja da ja sukan bambanta, kuma sai riga ta kai rabi bambancin ke fitowa.

Tunda kin saba da kwarashi, ki bar zaren a hannun hagu yadda kika saba, allurar dama ta riƙa kamo shi. Ba dole sai kin naɗa da dama ba.

Yanzu ki ɗora ido 20, ki yi layi goma na ɗaukar gaba (jawo sabon ido zare na bayan allura) a fuska, ɗaukar baya (jawo shi zare na gaban allura) a bayan aiki. Wannan ƙyallen gwaji ne, ba na kowa ba, ba wanda zai gan shi. Sai ki zare ido ɗaya daga tsakiya da gangan, ki ja ƙyallen har idon ya sauka layi uku ko huɗu. Za ki ga zaruruwa a kwance, ɗaya bisa ɗaya, idon yana can ƙasansu. Ki sa kwarashi cikin idon daga gaba, ki kamo zaren da ya fi kusa da shi, ki jawo ta ciki, ki kamo na bisansa, haka har sama, sannan ki mayar da shi kan allura. Ki sake zarewa, ki sake ɗaukowa, har abin ya daina sa gabanki faɗuwa. Wata ɗalibata, uwar ƴaƴa biyar, ranar da ta ga idon ya dawo mazauninsa sai da ta yi guɗa, maƙwabta suka leƙo ko haihuwa aka yi.

Dabara ta biyu ita ce zaren tsira. Duk lokacin da za ki shiga sabon salo, ki zura wani zare siriri mai launi daban cikin dukan idanun da ke kan allura, ki bar shi nan. In salon ya rikice, ki zare allurar ki warware. Aikin zai tsaya cak a kan wannan zaren, ba ido ɗaya da zai ɓata.

Salon kuwa bi da bi ake shigarsu. Ɗaukar gaba zalla a kowane layi tana ba da saƙa mai kwanciya. Gaba a fuska, baya a baya tana ba da mai santsi, amma bakinta na naɗewa, kuma halinta ne, ba laifin hannunki ba. Gaba biyu baya biyu ita ce mai talewa ta bakin hula da hannun riga. Bayan su sai ragewa, wato haɗa ido biyu a ɗauka tare. Murɗe ya zo ƙarshe, wanda yake fitowa kamar kitso: ki ajiye ido biyu a ƙaramar allura a gaban aiki, ki saƙa biyun da ke biye, sannan ki koma kan waɗanda kika ajiye. Shi ke nan fa. Ganinsa ya fi yinsa wuya.

Aikin farko na gaske, ni hular jariri nake ba da shawara, don suna ba ya ƙarewa a garin nan. Kan jariri sabuwar haihuwa yakan kai santimita 34 zuwa 35, hular kuma a ɗan rage ta don ta kama, a ce 32. Ki auna ƙyallenki. In ido 20 ya ba ki santimita 10, ido biyu ke nan a kowace santimita, sai ki ɗora 64, ki ƙara biyu na ɗinki. Hannun kowa daban, kada ki ari lissafin maƙwabciya.

To, karatu fa? Ni ba na iya kwana ban buɗe littafi ba, musamman na Hausa da ake kawo mana daga Kano, kuma ban yarda sai an zaɓi ɗaya tsakaninsa da saƙa ba. Sai dai aiki biyu nake ajiyewa a jaka. Ɗaya mayafi ne na ɗaukar gaba zalla, wanda yatsu ke yi ido na kan shafi. Littafin nakan jingina shi da matashi, in danne gefensa da matsen shanya, ƙarshen layi ya zo daidai da juya shafi. Ɗayan shi ne na sabon salo, kuma ba ya haɗuwa da labari mai daɗi. In kishiya ta shigo gida a babi na tara, wallahi ba za ki tuna ko layi na huɗu kike ko na shida ba. Ki rufe littafin, ki yi layi shida na koyo da natsuwa bayan la'asar tun da sauran haske, ki rubuta inda kika tsaya, sannan ki koma ga mayafi da labarinki. Masu sauraren littafi a rediyo ko a waya, dokar ɗaya ce.

Mai karatu tana da wata riba kuma: takardar tsarin saƙa ba ta yi mata wuya. A na Faransanci, "m." ido ne, "end." gaba, "env." baya, "rg" layi. Ki kwafe kowane layi a littafin rubutu da Hausarki, ki riƙa soke wanda kika gama.

Kada ki jira sanyin Disamba kafin ki fara. Daga ƙarshen damina ya kamata aiki ya hau allura, don a zafin Afrilu gumi ba ya barin zare ya gudu a yatsa. Da hunturu kaushin hannu na kama zare, sai ki shafa man kaɗe tun da wuri ya shige kafin ki ɗauki aiki, ki kuma riƙa ajiye shi cikin bokiti mai murfi saboda ƙura. Yawancin zaren kasuwa na roba ne, zafi na narkar da shi: kada dutsen guga ya taɓa shi, a wanke da ruwan sanyi a shimfiɗa a inuwa, kuma ki gaya wa maijego kada ta matsa da jariri kusa da garwashi yana sanye da shi.