Yadda Ake Shirya Takardar Shaidar Inshora Kafin a Ba Ka Ɗakin Taro

Yawancin manyan ɗakunan taro, otal-otal da filayen wasa ba sa miƙa makulli sai mai taro ya kawo takardar shaidar inshora. Dalilinsu a fili yake: baƙo ya yi tuntuɓe da wayar lasifika ya karye, ko iska ta ɗaga rumfa ta faɗa kan motar wani, lauya zai shigar da ƙara ya haɗa har da mai wurin. Inshorar da ake nema ita ce ta ɗaukar alhakin rauni ko ɓarnar dukiyar wasu. Wadda ke mayar maka da kuɗi idan an soke taro daban ake sayenta.

Fara da yarjejeniyar hayar wurin. Nemo sashen inshora, ka tura wa dillalin inshorarka shi yadda aka rubuta, kada ka faɗa masa da baki. A nan aka sa adadin kuɗin da ake so inshorar ta iya biya. A Amurka an fi neman dala miliyan 1 ga kowane haɗari guda, da dala miliyan 2 jimilla a tsawon wa'adin inshorar, kuma fom ɗin shaidar da aka saba gani shi ne ACORD 25. A Ingila hukumomin gari da yawa kan nemi fam miliyan 5.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen suna. Rubuta sunan mai wurin a akwatin ƙasan takardar shaidar yana nuna cewa an aika masa kwafi ne kawai, bai ba shi kariyar komai ba. Abin da yake so shi ne a shigar da shi cikin waɗanda inshorar ta rufe, kuma hakan ba ya tabbata sai kamfanin inshora ya fitar da takardar ƙari a kan ainihin yarjejeniyar inshorar. A Amurka irin wannan takarda kan zo da lamba CG 20 11 ko CG 20 26. Ka nemi kwafinta, ka haɗa da shaidar. Sannan ka duba harafi bayan harafi: sunan da ke kan allon ƙofa sau da yawa ba shi ne sunan kamfanin da ya mallaki ginin ba, wani lokaci ma akwai kamfani na biyu mai kula da shi, kuma dukansu ake so a rubuta. Naka sunan ma dole ya zama wanda ya sa hannu a haya. Idan ƙungiya ce ta kama wurin, inshorar da shugabanta ya yanka da sunansa ba za ta yi aiki ba.

Ranakun inshorar su haɗa da ranar kafa kaya da ranar kwashewa. Lokacin da ake hawa tsani ana ɗaura fitilu haɗari ya fi kusa, kuma idan taro ya wuce ƙarfe 12 na dare, an shiga wata ranar.

Karanta abin da inshorar ta cire. Wasan wuta, dabbobi, gidan tsalle na yara da ake hura wa iska da sayar da barasa galibi sai an ƙara su musamman. Faɗi gaskiyar adadin mutane da irin taron, domin ɓoye su kan sa kamfani ya ƙi biya.

Masu abinci, masu sauti da masu rumfa kowa ya kawo tasa shaidar, saboda taka ba lallai ta rufe sakacinsu ba. Wasu wuraren kuma kan ƙara sharaɗin cewa taka inshorar ce za ta fara biya, kuma kamfanin inshorarka ba zai koma ya bi mai wurin kuɗin ba. Wannan ma sai an rubuta shi a takardar ƙari.

Wurare da yawa na so a kawo takardun kwana 14 zuwa 30 kafin taro. Ka tura da wuri, don gyara suna ɗaya na iya cin kwanaki, ka kuma nemi su amsa a rubuce cewa sun karɓa. Idan kai ne mai wurin, ka sa dillali ya aiko maka kai tsaye, ka kira kamfanin ka tabbatar ba a soke inshorar ba bayan fitar da takardar.